Farin Fenti a Hannun Hagu

Lahadi, da yamma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina nan lafiya, ke da maigidanki da yara, har da 'yar autarki mai tsandara ihu in ta ga gemuna. Yaya ƙafar Mama? In kin kira ta ki ce mun iso lafiya kuma Baba ya ci abinci, don na san tambayarta ta farko ke nan.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na ajiye biro. A littafin da nake rubuta awon bangon mutane nake rubuto miki, in ɗauki hoton shafin in turo. Da saƙon murya zan yi, to kin san kunnen Baba, ko sauro ya yi gulmarsa a ɗaki na uku sai ya ji. Sabis kuma babu shi a nan sai ka hau wani falalen dutse a bayan banɗaki, ka ɗaga waya sama kamar mai fentin silin.

To ga maganar aikin da kika ɗora mini. Kin ce ke kin nemo masauki, maigidanki ya ba da aron motarsa, ni kuma nawa shi ne in lallaɓa Baba cikin kwana huɗun nan ya yarda a duba masa ido kafin a koma makaranta Litinin ta sama, tunda yara talatin yake ɗauka a bas safe da rana. Na ji, kuma zan gwada. Amma ni ban ga abin da ke da Mama kuke gani ba. Mutum ya shekara talatin da biyar riƙe da sitiyari, don ya goga gefen bas sau biyu sai a ce idonsa ya tafi? Yau awa shida ya yi yana tuƙi, bai bar ni na taɓa makulli ba. A hanya ya karanto mini lambar wata tirela tun tana can nesa, ni sai da muka matso na tabbatar daidai ya faɗa. Ya ce in adana wannan in kai wa wadda ta aiko ni. Ashe ya san komai, Yaya.

Duwatsun kuwa, hoton da kika nuna mana ya rage musu girma. Baƙaƙe ne da ja-ja a jikinsu, wani a bayan wani kamar haƙoran zarto, in ka ɗaga kai don ganin ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya sake ba ni labarin da muka haddace tun muna yara: wai zamanin da yake jan babbar mota ta ƙarƙashin duwatsun nan, wani fasinja ya ce masa akwai tafki a can sama, ruwansa garau, ko allura ka jefa za ka hango ta. Kin iya ɗana tarko. Ba don tafkin nan ba, ko da igiya ba mai fito da shi hutu.

Sai dai kayan da ya haɗo. Mutane na zuwa nan da takalmin roba da 'yar jaka a baya. Babanki ya zo da takalmin fata da ya sha mai, da kwat ɗin da yake sawa ranar raba wa yara kyaututtuka, da rediyo, da filas biyu, da fanbel, bel ɗin robar nan na injin mota. Na ce Baba, fanbel kuma a kan dutse? Ya ce direba ba ya fita babu shi. Kin san wanda zai ɗauka.

Mai masaukin wani siririn mutum ne da ake ce wa Dogo, maganarsa a ƙirge take. Ya ce hanya ɗaya ce zuwa tafkin, an ɗiga jan fenti a kan duwatsu, shi ake bi, inda hanya ta rabu an zana kibiya. Ya ce baƙo gara ya ɗauki jagora ranar farko. Da kin ga fuskar Baba. Ya ce, "Dogo, ni za ka haɗa da jagora? Na san hanya tun ba a san kwalta ba." Dogo dai ya miƙo makullin ɗaki.

Gado biyu ne na ƙarfe, da taga da ake tokarewa da ƙusa. Sau biyu Baba yana buga kafaɗa a jikin ƙofa, ya wanke kafintan da ya yi ta tas. Gaskiya ƙofar matsattsiya ce.

Gobe da safe za mu hau. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta


Litinin, bayan la'asar

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin babban yaronki ya sauka. Na ga saƙonki, kin ce in bi shi a hankali. A hankalin na bi shi, shi ya sa yanzu nake zaune ƙafafuna cikin bokitin ruwan ɗumi ina cire ƙaya daga gwiwa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. To ga duwatsu har sun yi mini yawa, haƙurin ne ya kusa ƙarewa.

Ƙarfe bakwai muka fita. Baba a gaba, kwat a jiki, rediyo a hannu tana ta shuuu babu tasha ko ɗaya, wai kada a kashe, za ta kama in mun yi sama. Ni a baya da jaka, da ruwa, da burodi, filas biyu na dukan haƙarƙarina. Awa ɗaya lafiya lau, iska mai sanyi, har na fara cewa ashe masu zuwa nan ba mahaukata ba ne.

Sai muka zo inda wani ƙaton dutse ya tsage biyu, hanya ta rabu. Baba ko rage tafiya bai yi ba, ya kama dama. Ni kaina yana ƙasa saboda nauyi, sai da na gota na hango kamar kibiya a jikin dutsen hagu. Na ce Baba, kamar can aka nuna. Ya juyo gaba ɗayansa, ya ƙura wa wurin ido, sannan ya ce ai tun ɗazu ya gan ta, wannan hanyar masu zuwa ɗaukar hoto ce, mu yanke za mu yi. Na ce Dogo ya ce hanya ɗaya ce. Ya ce Dogo ya taɓa tuƙa ko amalanke? Wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Me zan ce? Na bi.

Awa huɗu, Yaya. Yanken Baba ya kai mu cikin ƙaya mai kama riga ta ƙi saki, ya fitar da mu kan turbar awaki, turbar awaki ta kai mu gangaren tsakuwa inda in ka taka sau ɗaya sai ka zame sau biyu. Duk inda muka maƙale sai ya ce saura kwana ɗaya mu ɓulla. A nan ƙasan takalminsa ya ɓalle ya buɗe baki kamar kada. Ya zauna, ya miƙo hannu ko kallona bai yi ba, ya ce fanbel. Ya naɗe takalmin da shi tsaf, ya miƙe, ya ce, "Ina wanda ya ce mene ne amfaninsa?" Da ɓata kawai muka yi da ya fi mini sauƙi. Mun ɓata, kuma ya yi nasara.

Ƙarshenta muka tsaya a gindin wani bangon dutse, ba gaba ba sama. Muna nan muka ji usur, sai ga Dogo, wai ya bi hanyar tafki bai ga sawunmu ba. Baba ya ce masa ya zo a daidai, wata sabuwar hanya muke duba masa amma ba ta da kyau, kada ya turo baƙi.

A dawowa Baba ya dasa wa alamomin hanya tsiya, wai ba mai ganinsu. A nan kam dole in goyi bayansa, don wannan fagena ne, fenti ne sana'ata. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Fentin ruwa ne aka tsinka kamar shayin marowaci, shafi ɗaya, ba a ko goge ƙurar dutsen ba. Kuma wa ke sa ja a kan dutse mai ja-ja? Ko ni sai na nema nake gani. Na gaya wa Dogo haka cikin ladabi. Ya shiga sito, ya fito da gwangwanin farin fenti mai mai da wani buroshi da ya bushe ya zama itace, ya dire a gabana ya ce, "Ga fenti, ga dutse." Kin ga wanda ya gudo hutu aiki ya biyo shi.

Na taɓo maganar ido da muka huta. Sai ya ɗauko allura zai ɗinke takalmi, ya zura zare a gwaji ɗaya, ya ɗaga mini ita a fuska. Don haka ki kwantar wa Mama da hankali, laifin fenti ne. Gobe zan gyara alamomin, jibi mu hau.

A gaida maigida, a ce masa motarsa tana lafiya, Baba ya lulluɓe ta da bargona.

Naki,
Auta


Talata, da yamma

Yayata,

Bayan sallama, ina fata kuna lafiya. Mu ma jikinmu lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki karanta wa Mama tukuna.

Tun da gari ya waye na jiƙa buroshin Dogo a kananzir, na kankare duwatsu. Dogo ya ce kada in canza wa alama wuri, inda tsohuwa take nan zan sa sabuwa, wasu a hannun dama, wasu a hagu, yadda dutse ya samu. Na yi arba'in da ɗaya, ban da kibiya, daga bayan masauki har wata 'yar ƙorama da ke gaba da tsagaggen dutsen nan. Kowace faɗin tafin hannuna biyu, shafi biyu. Kibiyar kuwa tsawon hannuna na yi ta, fara tas.

Bayan azahar Baba ya ce a je ya duba aikin da na ƙi tuƙi saboda shi. Kin san ba ya iya wuce aikin wani bai sa baki ba. Yana gaba ina baya, kowace alama sai ya tsaya ya yi mata shari'a. Wannan ta yi hawaye. Wannan kamar kaza ta taka. Wannan da ƙafa ka yi ta? Kuma yana ƙirgawa da ƙarfi don ya kama ni. A mararraba ya sake nufar dama, kibiya tana hagunsa har kwat ɗinsa na kusa gogarta. Na ce Baba. Ya juyo, ya gan ta, ya ce gwada ni yake ya ga ko barci nake.

A bakin ƙorama ya ce ashirin da biyu. Na ce arba'in da ɗaya ne. Ya ce aikin ganin ido na yi, na bar giɓi ko'ina, irin na 'yan fenti masu tsallake bayan kabad. Raina ya ɓaci, na haɗiye.

Sai muka juyo. Ba mu yi taku ashirin ba ya nuna wata alama ya ce, af, wannan yaushe ka sa ta? Can gaba ya ce ga wata, don me ka ɓoye su a bayan duwatsu? Yaya, ba a ɓoye suke ba. A bakin hanya suke, ɗazu ya wuce su. Abin da ya canza ɗaya ne: ɗazu suna hagunsa, yanzu sun koma damansa. Waɗanda ya gama zagi kuwa ya wuce su ko kallo babu. Ya sake ƙirgawa har ƙasa, ya samu sha tara, ya ce ka ji, har sun ragu.

Ashirin da biyu da sha tara. Ko ni da lissafina na aji huɗu na iya haɗa wannan.

Duk da haka ban yarda ba. A filin da ke bayan masauki na matsa na jera da shi ta hagu, na ɗaga hannuna da ya yi fari fat da fenti, na kaɗa shi daidai kumatunsa. Ya ci gaba da faɗa yana jefa magana ta kafaɗar dama, yana zaton ina bayansa. Har cewa ya yi in ɗaga ƙafa, na cika nawa. Abin da ke gabansa sak yana gani sarai, shi ya sa lambar tirela da ramin allura ba su gagare shi ba. Gefen hagu ne kamar an shafe masa gilashi.

Saura nawa laifin, tunda ke kaɗai zan iya gaya wa. Gugar bas ba sau biyu ba ce. Biyu su ne waɗanda kuka gani. Akwai uku da ya kawo mini bayan shagonmu ranakun da babu makaranta, ya ce 'yan babur ne, in rufe kafin shugabar makaranta ta gani. Na cike, na goge, na haɗa fenti ruwan ɗorawa daidai da na motar har shi kansa ya kasa gane wurin. Na yi ta jin daɗi, don lokacin ne ya fara cewa hannuna ba laifi. Duka biyar ɗin a hagu suke. Ni na shafa da hannuna, kuma ban haɗa ba. Aikinmu ke nan, a ga tsaga a rufe, ba a tambayar abin da ya tsaga bangon.

Tun ɗazu ba abin da nake gani sai ƙofar makarantar nan lokacin tashi, yadda ƙananan ke fitowa a guje ta ko'ina, jaka ta fi su girma.

Yana can yanzu yana koya wa Dogo yadda ake dafa shayi. Gobe za mu hau tafki, ya ce shi ne a gaba. Ta ina zan fara da mutumin da in ka ce hularsa ta karkace sai ya kwana biyu bai kula ka ba? In kina da dabara ki turo, zan hau dutsen bayan banɗaki da safe in duba.

Ki yafe mini abin da na ɓoye.

Ƙaninki,
Auta


Laraba, gab da magariba

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Na ga amsarki, na gode da ba ki zage ni da yawa ba. Dabararki ta in jira ransa ya yi fari sannan in faɗa masa a tsanake ba ta samu shiga ba, dutse ya riga ni magana.

Daga ƙorama, inda fentina ya ƙare, hanya ta miƙe sama, wani wurin da hannu da gwiwa. Baba yana haki kamar tsohuwar mota a kan tudu, amma ba zai ce a huta ba, sai dai ya tsaya ya ce jirana yake. Ni kuwa na maƙale masa a baya kamar kaska.

Sai muka zo wani siririn wuri, faɗinsa bai fi tabarma ba. Dama bangon dutse, hagu babu komai, rami ne da in ka jefa tsakuwa ba ka jin saukarta. Dogo ya gargaɗe mu da shi, ya ce a dafa bango. Baba ya ce dafa bango na tsofaffi ne. Yana tafe yana ba ni labarin wata gada da ya taɓa hayewa da tirela, ni kuwa ƙafarsa ta hagu nake kallo. Kowane taku tana ƙara matsawa baki. A taku na bakwai rabin takalmin a iska ya sauka, tsakuwa ta zube. Na saki filas, na cafki kwat ɗinsa na fizgo shi, muka faɗi tare a jikin bango. Kwat ya yage daga wuya har ƙugu.

Kin san abin da ya fara cewa? Kwat ɗinsa. Wai na yaga masa rigar shekara goma sha biyar, ba ni da hankali, kuma ina filas? Yaya, tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Yau na ɗaga. Na ce, "Baba, don Allah juya ka dubi hagunka!" Ya juya kansa gaba ɗaya. Ya ga ramin, ya ga sawun takalminsa a bakin ramin.

Ya ja jiki ya jingina da bango, ni ma na zauna. Tunda bakin ya buɗe sai na ƙarasa. Na gaya masa ashirin da biyu da sha tara, da hannun da na kaɗa masa jiya, da gugar bas biyar duk gefe ɗaya. Na jira tsawa. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ya fi shekara da sani. Wai kamar labule ake ja masa daga gefe, kaɗan-kaɗan. Ya koyi juya kai, ya ƙara madubi, ya haddace kowane kwana da kowane rami na hanyar makaranta, yana ganin hakan ya isa. Ya ce kafin hutu wata 'yar aji ɗaya ta ɓullo a gaban bas kamar daga ƙasa ta tsiro, robar ruwanta a wuya, Allah ne ya sa birki ya kama. Tun ranar bai ƙara cin abinci ya ƙoshi ba. Ya ce amma in ya ajiye makulli shi wane ne, mai gadin tabarma?

Na ce mu koma ƙasa. Ya ce shekara talatin yana jiran tafkin nan, ba zai koma don ɗan rami ba. Na ce to ni ne a gaba, ya dafa kafaɗata. Ya ce ba dafawa zai yi ba, riƙe ni zai yi kada in faɗi, tunda ya ga ina da garaje. Haka muka ƙarasa, hannunsa a kafaɗata, bakinsa a kunnena.

Tafkin kuwa, Yaya. Kin san wurin wanke motoci na bayan tasha? To bai kai shi ba. Ruwa kore, da kwaɗi, da wata akuya a tsaye tana kallonmu kamar mun shigo ba sallama. Baba ya juya kai a hankali daga wannan gefe zuwa wancan sai da ya ga duka, ya ce fasinjan nan maƙaryaci ne, dama tun a mota bai yarda da fuskarsa ba. Amma ya cire takalmi ya sa ƙafa a ruwan, ya kusa awa bai ce a tafi ba. Na ɗauke shi hoto ta gaba, yadda yagar kwat ba za ta fito ba.

Kada ki yi murna tukuna. Da muka sauko na ce Baba, maganar asibiti fa? Ya ce wace magana? Abin da aka faɗa a kan dutse a kan dutse ya tsaya. Ya ce in haɗa kaya, da sassafe zai tuƙa mu gida. Makullin yana aljihunsa. Ba zan sa hannu a aljihun mahaifina ba, amma na yanke shawara: in ya zauna a kujerar direba gobe zan tsaya a gaban motar, sai dai ya bi ta kaina. Kuma ta dama zan tsaya, inda zai gan ni.

Ki yi mana addu'a.

Naki,
Auta


Alhamis, da rana

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ke da yara. Daga kan benci nake rubuto miki, littafi a kan gwiwa, ki yi haƙuri da karkatar layi. Bari in bi miki a jere.

Da safe muka yi sallama da Dogo, Baba ya nufi mota makulli a hannu, ni kuma na ajiye jaka na je na tsaya inda na ce miki. Ya buɗe gaba ya duba mai, ya duba ruwa. Ya zagaya ya daki kowace taya da ƙafa. Ya goge gilashi da hankici, ya sake gogewa. Ya buɗe ƙofar direba ya tsaya riƙe da ita, ni ina kallon ƙasa. Ban san minti nawa muka yi a haka ba. Can ya ce dutsen nan ya riƙe masa gwiwa, ba zai iya taka kuloci ba yau, yau kaɗai. Ya jefo mini makulli, ya zagaya ɗaya gefen yana wani ɗingishi da ban gan shi da shi ba lokacin da yake dukan taya.

Da na san abin da ke jirana da na roƙi Dogo ya tuƙa mu. Wai ban iya riƙe sitiyari ba. Ina kashe wa maigidanki giyar mota. Wanda ya ba ni lasisi a kai shi kotu. Kwana nake sha kamar mai juya fenti a bokiti. Ramin da na kauce wa, wai da na bi ta kansa a hankali, wanda na faɗa kuwa wai ko makaho ya gan shi. Da ya faɗi wannan sai ya juya fuskarsa ga taga, muka yi tafiya mai nisa a haka.

A ƙasan gangare akwai mararraba. Miƙewa hanyar gida ce, dama kuma garin da kika ce akwai asibitin ido. Tun daga sama nake shirya magana, da muka iso duk ta gudu. Na rage gudu kawai, na ƙara ragewa, har wata mota a baya ta fara danna mana hon. Baba yana kallon gaba. Sai ya ce, "Kai, in za ka shiga dama ba sai ka sa sigina ba? Haka ake tuƙi?"

Na sa sigina.

Muna jiran layi a asibitin ya ce in nemo masa lambar shugabar makaranta. Ya koma can ƙarshen baranda ya juya mini baya. Ban ji duka ba. Na dai ji ya ce su nemi wani kafin Litinin, kuma a gaya wa ko wane ne ya riƙa tsayawa cak a ƙofa, 'yan aji ɗaya ba sa duba hanya. Da ya dawo yana goge fuska ya ce maganin nan nasu yaji gare shi, alhali ba a ɗiga masa komai ba tukuna.

Yanzu yana ciki. Sun sa ya leƙa wata na'ura yana danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske, ina jiyo shi ta ƙofa yana cewa na'urar ce ba ta da kyau. Likitar ta leƙo ta ce mini abin da ya tafi da wuya ya dawo, amma abin da ya rage ana iya tsare shi in an dage da magani, kuma gara da muka zo yanzu. Ta tambaye ni aikinsa. Kafin in buɗe baki ya amsa daga ciki, ya ce, "Direba ne, a da."

Roƙona ɗaya, Yaya. In kin kira shi, kada ki ce ai kin faɗa. Ki ce kin ji gwiwa ta hana shi tuƙi, ki yi masa sannu. Ki gaya wa Mama ita ma haka, har da man shafawa ta tanada. Mu bar masa gwiwar nan har ya gaji da ita don kansa.

Saura awa biyar na tuƙi da shi a gefena. Ki sa ni a addu'a, ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Auta